Takin Gonar Aro

Buhunan taki, shebur, diga mai karyayyen baki, gorar ruwa, turmin Tasalla, da tsohuwar ƙofar kwano. Abin da ke bisa amalanken ke nan. Jaki ke ja, mutum biyu na turawa duk inda aka zo yashi.

Illo ne a dama, Labbo a hagu. Da hantsi suka baro Tungar Kalgo, ƙauyen da suka gudu suka bari tun shekarar da mutanen daji suka aiko cewa kowa ya tashi. Garin Isa suka nufa, inda suke zaune yanzu a gidajen mutane. Ba su bi hanyar mota ba. Ta cikin gonakin da sabara ta cinye suka ratsa, kunnuwansu a buɗe.

Labbo Bafillace ne. A da, kowace kaka garkensa a gonar Illo yake kwana. Shanu su ci kara, su bar kashi, Illo ya ba da dammunan gero, a rabu da godiya. Rana ɗaya aka kore garken duka. Abin da ya rage shi ne mashekarin bayan ƙauye, inda shanun suka yi damuna da damuna suna kwana har kashinsu ya taru ya zama baƙar ƙasa. Shi suka je suka haƙo, suka haɗa da tokar jujin gidan Illo.

"Illo, ka san mi kake turawa?" in ji Labbo.

"Kashi."

"Garkena na. Wanga buhu na bisa, farar saniyar nan ta da ta harbe ka bakin rijiya."

"To ga ta ta hau amalanke, ni ka tura ta. Ko bayan an kore ta ba ta bar ni na huta ba."

Labbo ya yi 'yar dariya ta hanci. Ba su yi nisa ba suka ji ƙarar babura ta wajen Tozai. Suka ja jakin cikin sabara, suka kwanta rub da ciki, Labbo ya riƙe bakin jakin da hannu biyu. Baburan suka wuce can nesa. Ba su ga kowa ba, ba su kuma san ko su waye ba. Da ƙarar ta ɓace suka tashi suka kakkaɓe riguna, suka ci gaba da turi. Da haka har suka hango rufin kwanon Isa.

Ɗakin da Illo da matarsa Tasalla ke ciki na yayanta ne, Lawwali. Gonar da Illo ke nomawa ma ta Lawwali ce, aro ya ba shi, a bakin gari. Mutumin ya yi musu kirki, wannan ba a musu. Sai dai gonar ta mutu tun kafin ta zo hannun Illo. Tun da gonakin nesa suka gagara zuwa, kowa ya dawo bakin gari, ana noma wuri ɗaya shekara da shekaru ba hutu. Da an yi girbi a sare kara har gindi a kai wa dabbobi ko murhu. Shanu sun daina kwana. Iska ta kwashe ƙasar sama, aka bar fako mai sheƙi wanda ruwa ke gudu a kansa kamar a kan siminti. Daminar farko Illo ya shuka ta haka nan. Gero ya tsaya iya gwiwa, ganye rawaya, ƙuduji ya fito da jan furensa ya shanye abin da ya rage. Hatsin bai kai su ƙarshen sanyi ba. Daga nan sai abin da aka aiko daga cikin gida, a kwano, a hannun matar Lawwali.

Kwanon nan ne ya tura Illo Tunga.

Da suka iso, Tasalla ta fara duba turminta, ta shafa shi, ta kife. Sannan ta dubi buhunan.

"Malam, ka gaya ma Yaya?"

"In gaya mishi mi? Za ni gyara mishi gona?"

"Ka san al'ada."

Ya sani, kamar yadda kowa ya sani. Wanda ya zuba taki a gonar aro, ba a karɓe ta daga hannunsa sai ya ci takinsa, damina uku. Saboda haka mai gona ba ya son a yi wa gonarsa taki ba da izninsa ba, mai aro kuma ba ya yi. Amma Illo bai taɓa zama mai aro ba a rayuwarsa. A Tunga ƙasa ta ishi kowa. A ganinsa wannan magana ce ta baƙo da baƙo, ba ta mutum da surukinsa ba, balle a irin wannan zamani.

"Ba riƙe mishi gona za ni yi ba," ya ce. "Tuwo nike so ki tuƙa da hatsinmu."

Ta ɗauki gorar ruwa ta shiga da ita. Shi kuma ya ɗauko ƙofar kwanon ya kafa ta a bakin ɗakin, inda a da tsohon asabari ne kawai.

Takin bai isa a watsa wa gonar duka ba, ko rabinta. Illo ya san dabarar da ya gani a ƙetaren iyaka, gaba da Burkusuma, lokacin da yake kai kaya kasuwannin Nijar. Can ba sa watsa taki. Rami suke haƙawa a fako, faɗin ƙwarya, su tara ƙasar a gefen gangare don ta tare ruwa, su zuba taki cikin tafi biyu, su ɗan rufe. Tassa suke ce masa. Shi ya shiga yi cikin zafin bazara. Digar na buga ƙasa tana dawowa, kafaɗunsa na amsawa. Kullum da safe ya fita, in rana ta take ya dawo ya kwanta bai iya ɗaga hannu. Tafukansa suka fashe, Tasalla na shafa musu man kaɗe tana cewa shekarunsa sun wuce wannan. Bai musa ba. Washegari ya sake fita.

Ya kusa gamawa Lawwali ya zo. Mutum ne mai jiki, mai magana a hankali. Ya tsaya a bakin gona yana kallon ramukan, jere bayan jere.

"Sannu da aiki, Illo. An ce mini ka buɗe maƙabartar kaji, na ce bari in zo ta'aziyya."

"Sannu da zuwa, Yaya. Tassa ta. Irin ta mutanen Nijar."

Lawwali ya durƙusa da ƙyar, ya tona rami ɗaya, ya murza takin a yatsunsa, ya kai hanci. Ya daɗe bai tashi ba.

"Taki na kirki," ya ce. "Ya kwana biyu. Rabon da in ga irinshi tun ana zuwa gonakin Kamarawa." Ya kakkaɓe hannu. "Da ka tambaye ni."

"Da ka hana?"

"Da na hana."

Illo ya jingina da digar. Bai yi tsammanin za a faɗa masa haka kai tsaye ba.

"Ba don mugunta ba," in ji Lawwali. "Gonakina na nesa sun tahi, kai ma ka sani. Abin da ya rage mini wagga ta da 'yan gonaki biyun can. Ban san bakin da za ni ciyar baɗi ba. Yanzu duk wanda ya wuce ya ga ramukan ga, cewa za shi yi Illo ya kama gonar Lawwali damina uku. Ka ɗaure mini hannu ban sani ba."

Kunya ta kama Illo, irin wadda ke sa mutum ya yi saurin magana. "Ni ban zo da zancen damina uku ba, Yaya. Gonarka ta. Ran da kake so, taka ta."

Lawwali ya dube shi. "Da bakinka ka ce."

"Da bakina."

"To, Allah ya ba mu damina mai albarka."

Illo bai gaya wa Tasalla wannan maganar ba.

Kafin ruwa ya sauka gara ta shiga ramukan. Ta bi takin, ta huda fakon ta ƙasa, ta yi masa ƙofofi. Da ruwan farko ya zo, maimakon ya gudu zuwa kwata kamar kullum, sai ya tsaya a kowane rami ya nutse. Illo ya shuka gero, ya sa wake a tsakani. Sai kuma sama ta ɗauke. Aka yi kwanaki ana duban gabas. Shukar maƙwabta ta fito ta ƙone, aka sake shuka, wasu har iri ya ƙare musu. Mus'ab ɗan Lawwali, wanda ke noma gonar da ke jikin ta Illo, ya samo takin zamani ya barbaɗa. Geronsa ya yi kore shar na ɗan lokaci, ana cewa ya dace. Da ruwa ya dawo da ƙarfi ya wanke takin ya tafi da shi, don babu abin da zai riƙe shi a ƙasar. Ganyen ya koma rawaya.

Na Illo bai yi kore mai ɗaukar ido ba, amma bai taɓa laushi ba. In ka tona ramin da yatsa sai ka ji danshi. Ya yi noman fari, ya cire, ya yi maimai. Karan ya yi kauri, ya wuce kan mutum. Ƙuduji ya fito nan da can, bai yi ƙarfi ba. Mutane suka fara ratsowa ta wurin in za su gonakinsu. Su yi sallama, su tsaya, su tambayi zurfin ramin. In ya gaya musu sai su ce, to ina takin? A nan zancen ke ƙarewa.

Labbo ya zo lokacin da zangarniya ta fito. Ya shiga tsakiyar geron har ba a ganinsa, sai muryarsa.

"Illo, shanuna sun tashi tsaye."

"Fito kada su harbe ka."

"Ni ba su harbi. Kaɗo suka tsana, Bahaushe irinka."

Ya fito da tumu biyu a hannu, bai tambaya ba. Illo ya hura wuta suka gasa.

Girbin bai zama abin labari ba. Gonar ƙarama ce. Amma dammunan sun cika bayan ɗakin har suka tokare rufi, Illo ya ware na Labbo kamar yadda ake yi a da, ya kai wa Lawwali nasa na godiya. Tasalla ta kafa turminta a tsakar gida ta yi daka da rana tsaka, yadda kowa zai ji. Ranar ta zuba tuwo a kwanon nan na matar Lawwali ta mayar da shi cikin gida a cike.

Illo bai sare karan ba. Kwantar da shi ya yi a kan gonar, ya rufe ramukan, don iska ta bar ƙasar, gara kuma ta samu abin ci. Masu dabbobi suka zo nema ya hana. Ya san daminar fari taki somawa kawai yake yi. Ta biyu ce ke ba da hatsi.

Sanyi ya fara shiga Lawwali ya aika a kira shi zaure, bayan la'asar. Aka gaisa, aka tambayi gajiya. Illo ya ga takalman yara da yawa a bakin ƙofar cikin gida, waɗanda bai sani ba.

"Ka ji abin da ya samu ƙauyen su ƙanen matata, wajen Sabon Birni," in ji Lawwali. "Matarshi ta iso jiya da ɗiyanta. Suna ciki."

"Na ji. Allah ya jiƙan shi."

"Amin." Lawwali ya gyara zama. "Illo, gonar nan. Mus'ab za shi haɗa ta da tashi bana. Bakin ya yi mini yawa."

Illo ya dubi tabarma.

"Ba barin ka za ni yi haka ba. Akwai wadda ke bayan ramin bulo. Ta fi wagga girma. Ka riƙe ta."

Illo ya san ta. Kowa ya san ta. Nan yara ke buga ƙwallo saboda ko ƙaya ba ta fitowa.

"Kai kana da hannu," in ji Lawwali, bai dube shi ba. "Abin da ka yi ma waccan, ka iya yi ma wagga. Wannan karon da izinina."

"In ta gyaru kuma?"

Lawwali ya girgiza kai. "Ban san baɗi ba, Illo. In na yi maka alkawari, ƙarya za ni yi."

Illo ya ce zai yi shawara. Da ya fito bai shiga ɗaki ba, ya bi ta bakin gari. Daga nesa ya hango Mus'ab a gonar, yana tattara karan da ya kwantar yana ɗaurewa. Tumakin baƙin da suka zo jiya na bukatar abinci. Ƙasar ta fito tsirara, ramukan a buɗe. Mus'ab ya ɗaga masa hannu, ya gaishe shi da ladabi. Illo ya amsa.

Washegari ya je bayan ramin bulo, Labbo na biye da shi. Ya buga ƙasar da diddige, ta yi ƙara kamar daɓe. Ba sai an gaya masa ba, idonsa ya riga ya fara aiki: gangaren ta nan yake, jeren farko daga can zai fara, ruwan da ke saukowa daga hanya za a iya tare shi da duwatsu. Ya ji kafaɗunsa sun fara ciwo tun bai ɗauki diga ba.

"Da sauran taki mashekari," in ji Labbo. "Bai kai na bara ba, amma ya yi amalanke biyu. Daga shi babu wani. In kana zuwa, jaki na nan. Ni dai ba ni son in mutu bisa kashin shanu, amma in ka ce mu tahi, mu tahi."

"Daga shi babu wani," Illo ya maimaita.

"Wa za shi yi wani? Ni?"

Suka dawo ba su yanke komai ba.

Tasalla ta riga ta ji, daga bakin matar Lawwali. Tana bakin ɗaki tana tsince wake lokacin da ya iso. Ba ta bari ya zauna ba.

"Ka tahi wurin mai unguwa."

"In ce mi?"

"Ka ce ka zuba taki. Gari duka ya gani. Labbo shaida na. Damina uku al'ada ta ce, ɗaya ka ci."

"Yayanki na, Tasalla."

"Yayana na, ban musa ba. Shi ya kwanta cikin sabara da babura na wucewa? Hannunshi na shafa ma mai ko naka?"

"Rage murya."

"Ba ni ragewa. Kwanon nan ba ni ƙara karɓa tai."

Illo ya zauna a kan turmin da ke kife. "Na ba shi baki," ya ce. "Tun bazara. Na ce ran da yake so, tashi ta."

Ta ajiye faifan. Ta dube shi kamar wanda ya dawo daga kasuwa ba kaya ba jaki.

"Wa ya tambaye ka?"

"Ba kowa."

"To ai ba a gaban kowa ka ce ba. Kai da shi na."

"Ni da shi na," ya ce. "Shi ya sa."

Ta koma kan wakenta, tana tsinta tana jefar da tsakuwa da ƙarfi. Daga cikin gida ana jin kukan yaron da bai saba da wurin ba, da muryar mace tana lallashinsa. Illo ya dubi katangar, ya dubi rijiyar da suke ɗiba, ya dubi ɗakin. Ko da bai ba da baki ba, mai unguwa zai iya ba shi gona, ba zai ba shi wurin kwana ba. Lawwali kuma bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Abin da ya fi gajiyar da shi ke nan, babu wanda zai ji haushi.

"To sai mi?" in ji Tasalla, muryarta ta sauka. "Ka koma Tunga ka kwaso sauran? Ka gyara mishi ta biyu, baɗi ya sami wani bakin?"

"In ban zuba ba, kin san abin da za ta ba mu."

"Na sani. Na ci shi shekaran bara."

Ya tuna gonarsa ta Tunga. Ranar da suka je ɗibar taki ya tsaya a bakinta. Ciyawa ta rufe ta, gawon tsakiya ya zubar da ganye shekara biyu babu wanda ya taɓa, ƙasar ta yi duhu ta yi laushi. Gonar da ba a iya zuwa tana ƙiba, wadda ake kwana kusa da ita tana mutuwa. Bai san ranar komawa ba. Wataƙila ba shi zai koma ba.

An fara kiran magariba. Tasalla ta kwashe faifan ta shiga ɗaki. Ya tashi da ƙyar, ya ɗauki digar da ke jingine a bakin ƙofa, ya shiga da ita, ya tura ta can bayan dammunan gero. Sannan ya jawo ƙofar kwanon ya rufe.

"Za ni karɓi gonar," ya ce. "Yadda na same ta haka za ni shuka ta, kamar kowa. Takin da ya rage na Tunga na. Can za shi zauna."